Inda Ƙasa Ke Tafasa

Wari ne ya fara yi mana maraba, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ɗan ƙanwata da ke karatu a jihar Montana ya rage gudun mota ya ce, "Kawu, farar wuta ce kake ji, mun iso." Da sassafe muka shiga gandun dajin Yellowstone na Amurka. Watan Yuli ne, amma sanyi na ratsa ƙashi, ga tururi na tashi daga ƙasa ta ko'ina kamar unguwar da kowane gida ya ɗora girkin biki.

Ruwan ɗumin da na sani a da shi ne Wikki na Yankari, wanda ke tsaye a digiri 31 rani da damina, mutum ya yi ta iyo har ya gaji. Na nan kuwa ido kaɗai ke taɓa shi. Tun a bakin ƙofa ma'aikaciyar gandun ta ja mana kunne kada ƙafarmu ta sauka daga hanyar katakon da aka shimfiɗa, domin ƙasar ɓawo ce kawai, ƙarƙashinta tafasasshen ruwa. Sama da mutum 20 sun rasa rayukansu a waɗannan ruwaye.

Muka zauna cikin ɗaruruwan jama'a muna jiran Old Faithful, wato tsoho mai cika alkawari, sunan da masu bincike suka raɗa masa a 1870. Kusan duk minti 90 yake tashi. Ya fara da ɗan tsartuwa, ya lafa, ya sake, sai ga ruwa ya miƙe sama fari fat, ya wuce mita 30, yana huci. Ban san lokacin da na ce "Subhanallahi" ba. Ɗan nawa ya yi mini bayani: ruwan sama da na ƙanƙara ne ke nitsewa ƙasa, su iske duwatsun da narkakken dutse ya gasa. Mafitar ƙunci gare ta, nauyin ruwan da ke sama yana danne na ƙasa, zafi ya yi ta taruwa har tururi ya fi ƙarfinsa ya watso shi waje. Irin waɗannan maɓuɓɓuga masu feshi sun haura 500 a gandun, kusan rabin na duniya baki ɗaya.

Inda na fi daɗewa shi ne Grand Prismatic, tafki mai faɗin kusan mita 110. Tsakiyarsa shuɗi ne kamar an juye baba a marina, gefensa kore, sai rawaya, sai ja-ja. Launukan gefen na wasu ƙananan halittu ne da ke rayuwa a zafin da zai sale fatar mutum. A wani marmaro na kusa masanin kimiyya Thomas Brock ya gano ɗaya daga cikinsu a 1966, kuma daga jikinta aka samo sinadarin da ake amfani da shi a gwajin PCR, irin wanda aka yi ta yi mana lokacin korona. Daga nan muka leƙa ramukan taɓo da ke tafasa fut-fut kamar talge, wata ɓauna na kiwo a gefe abinta.

A hanyar komawa, Yankari ce a raina. Tun 1872 aka keɓe gandun Yellowstone da doka, shi ne irinsa na farko a duniya, kuma ban ga leda ko guda a bakin ruwa ba. Allah bai hana mu namu ba. Mai karatu, in ka samu hali ka kai iyalinka Wikki, ku yi wanka ku yi murna, sannan ku bar wurin tsaf yadda jikokinku za su so su same shi.