Ƙwan Fitila Biyu da Hannun Kawu

Motar gidanmu tsohuwar Golf 3 ce, ta girme mu duka, mu uku 'ya'yan gidan maza. Ita ke kai kwandunan tumatir kasuwar Kwanar Gafan da rani, ita ke kai buhunan shinkafa inji a Kura da kaka, ita ce kuma motar asibiti idan naƙuda ta kama wata a unguwa da tsakar dare. Injinta ba laifi. Abin da ke ba mu kunya shi ne fitilarta. Ja ce, ga rauni, sai ka ce aci-balbal aka ɗora a gaban mota. Idan muka taso daga gona bayan isha'i, motocin da ke tahowa sukan dalle mu da farin haske, mu kuwa muna lalube. Abokanmu har suna suka sa mata, wai Mai Kyandir.

Saboda haka da muka haɗu a gida lokacin hutu, a tsakiyar hunturu, sai muka yi karo-karo ba tare da Baba ya sani ba. Muka shiga Kano, muka nufi Ƙofar Ruwa, muka sayo ƙwan LED guda biyu a cikin wani kwali mai sheƙi da aka cika da manyan lambobi. Mai shagon ya jona ɗaya a batir don mu gani. Da rana tsaka ne, amma sai da muka kau da kai. Muka kalli juna muka yi murmushi. Ko ragi ba mu nema da kyau ba.

Sa shi ba wuya. Ka buɗe bonet, ka zare soket, ka cire robar baya, ka ɓalle 'yar wayar da ta riƙe tsohon ƙwan, ka zura sabo. Cikin minti ashirin mun gama. Da magariba muka kunna a ƙofar gida, bangon maƙwabta ya yi fari fat tun daga ƙasa har indararo. Yaran unguwa suka yi ta sowa. Baba ya fito, ya tsaya ya duba, bai yaba ba bai kushe ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Wannan ai har saman darbejiya take haskawa. A can za ku bi?”

Muka yi dariya. Ashe tambaya ce ta gaske.

Wanda bai san yankinmu ba zai zaci da dare kowa yana gida. Ba haka ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka faro zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke biyo babbar kanal ya rarrabu cikin ƙanana zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Wanda gonarsa ke kusa da bakin ruwa yakan sha da rana. Wanda tasa ke can ƙarshe sau da yawa sai na gaba sun ƙoshi, wato sai dare. Don haka hanyoyin da ke bin gefen kanal ba sa rabuwa da mutane: mai keke da fartanya a kafaɗa, mai babur ɗauke da injin ban ruwa, mai amalanken shanu, yaro da kwanon tuwon da zai kai wa mahaifinsa. Kusan babu mai fitila a cikinsu. Hanyar kuma siririya ce, ruwa a hannu ɗaya, gangaren gona a ɗayan.

Kwana huɗu muna jin daɗinmu. A kan titin Karfi zuwa Bunkure direbobi suka riƙa walƙa mana fitila, wasu har da zagi. Mu kuwa muka ɗauka hassada ce. Yayanmu, wanda shi ke tuƙi, yakan ce, “Wallahi gajeriya na sa. Bari in nuna musu doguwar.” Sai ya ɗaga, mu sheƙe da dariya.

A dare na biyar mun ɗauko tumatir, but cike, kujerar baya cike, har bayan motar ya zauna. Ga hazo. Muna tafe a hankali a gefen kanal sai muka hango mai keke yana tahowa. Mun gan shi sarai, har launin hularsa. Mun ga ya ɗaga hannu ɗaya ya kare fuska. Mun ga keken ya yi tangal-tangal. Daga nan sai ba mu ƙara ganinsa ba.

Kawu ne, ƙanin kakarmu ta wajen uwa, wanda gonar albasarsa ke bayan tamu. Allah ya taƙaita, ba ɓangaren ruwa ya faɗa ba, gangaren gona ya bi, ya doki bakin kwalbati da hannu. Da muka ɗago shi yana salati, abin da ya fara cewa shi ne, “Wace babbar mota ce wannan?” Ya zaci tirela ce ta shigo hanyar gona. Da ya ji muryoyinmu sai ya yi shiru. Wuyan hannunsa na dama ya tsage. Mutumin da ya haura shekara sittin, a tsakiyar lokacin ban ruwa.

Motarmu ba ta taɓa shi ba. Mun yi ta maimaita wa kanmu wannan maganar a daren, amma ba ta hana mu kwana ido biyu ba.

Washegari Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya ce mu kai motar wurin wani tsohon mai wayarin da ya sani, mu tsaya mu ji abin da zai ce. Mutumin bai yi boko ba. Amma abin da ya nuna mana da ƙwan fitila biyu a tafin hannunsa, shi ne darasin madubi mai zurfi da aka koya mana a Fiziks a aji biyar na sakandare, muka haddace don jarrabawa muka watsar. Ku da ke ajin yanzu, ku saurara.

Fitilar mota abu biyu ce: ƙwai, da kwanon da ke bayansa mai sheƙi kamar madubi. Ƙwan halojin irin na motarmu, wanda ake kira H4, yana da siraran wayoyi biyu na ƙarfen tangistin a cikin gilashi, ɗaya ta doguwar fitila mai cin wat 60, ɗaya ta gajeriya mai cin wat 55. Lantarki na bi ta wayar, ta yi zafin da ya wuce digiri 2,500, ta yi haske. Wayar ƙarama ce ƙwarai, ba ta fi ƙwayar shinkafa tsawo ba, kuma tana fitar da haske ta kowane gefe. Waɗanda suka ƙera kwanon sun auna lanƙwasarsa ne daidai da inda wannan 'yar wayar za ta zauna. Idan tana wurin, kwanon zai tattara hasken ya jefa shi inda ake so. Idan ta goce ko da milimita ɗaya ko biyu ne, hasken ya watse.

Sai ya nuna mana wani ɗan ƙarfe kamar cokali a ƙarƙashin wayar gajeriyar fitila. Shekara nawa muna ganin irin wannan ƙwan ba mu taɓa lura da shi ba. Aikinsa shi ne ya tare hasken da zai sauka a ƙasan kwano, domin wanda ya doki ƙasan kwano shi ne ke tashi sama ya shiga idon mai tahowa. Shi ya sa gajeriyar fitila mai kyau, idan ka haska bango da ita, za ka ga layi: ƙasa haske, sama duhu, sai gefen dama ya ɗan ɗaga don direba ya ga mai tafiya a bakin titi, tunda a Nijeriya dama muke bi tun 1972. Wannan duhun na sama ba rauni ba ne. Da gangan aka bar shi, rabon wanda ke fuskantarka ne.

LED kuwa ba waya ba ce. Wasu 'yan falle ne da aka manna a gefe biyu na wani siririn allo, kowanne yana haska gabansa kawai. A namu mai araha, fallayen sun fi wayar halojin faɗi, allon yana da kauri, kuma ba su zauna inda wayar take zama ba. Ƙari a kan haka, mun sa ɗaya a karkace, fallayen na kallon sama da ƙasa maimakon hagu da dama. Kwanon ya karɓi haske daga inda ba a tsara masa ba, ya watsa shi ko'ina. Abin da muka gani a bangon maƙwabta muka yi murna, shi ne ainihin cutar.

Kada ku ɗauka LED ce ba ta da kyau. Ƙirƙira ce babba. Mutum uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun karɓi kyautar Nobel ta Fiziks a 2014 saboda samar da LED mai shuɗin haske, wadda idan aka shafa mata wani sinadari mai ruwan ɗorawa take ba da fari. Ita ce a tocilar wayarku da fitilar sola da kuke karatu da ita. Halojin yawancin wutar da yake ci zafi take zama, LED kuwa da wuta kaɗan take ba da haske mai yawa, kuma ta fi daɗewa. Sababbin motocin da aka ƙera da ita tun daga kamfani, an yi musu kwano da gilashin da suka dace da ita. Matsalar tana wajen cusa ta a gidan da ba nata ba. A Ingila, tun 2021 motar da aka sa wa ƙwan LED a kwanon halojin tana faɗuwa gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, in ban da tsofaffi sosai. A Jamus an yarda da wasu, amma sai an gwada kowane ƙwai da kowane samfurin mota, an fitar da jerin waɗanda suka dace. Mu nan kwali mai sheƙi da batirin mai shago ne gwajinmu.

Akwai kuma abin da ya shafi irin aikin motocinmu. Idan ka loda wa mota kwanduna a baya, bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga, fitila ta kalli sama. Ko halojin ne zai kashe ido a haka. Mai wayarin ya nuna mana wata 'yar ƙafa kusa da makunnin fitila, mai lamba daga 0 zuwa 3, wadda aikinta sunkuyar da fitila idan an ɗauki kaya. Tamu ta daɗe da mutuwa, mu ma ba mu san amfaninta ba. Sannan hazo: duk hasken da ya tashi sama ƙura yake doka ya dawo idon direba. Da muka yi tunani da gaskiya, a waɗannan kwana huɗu gaban motar kusa ne ya yi fari. Nesa ba mu fi gani ba.

Shi kuma wanda aka haska, idonsa ya buɗe ne don duhu, farat ɗaya a cika shi da farin haske. Bayan motar ta wuce sai ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin gani ya dawo, kuma na tsoho ya fi na yaro jinkiri. Ku lissafa da kanku. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa uku na makanta, mita 66 ke nan direba yana tafe a kan sa'a. Waɗancan da ke walƙa mana fitila a hanyar Bunkure, ashe roƙo suke yi.

Ya juya mana LED ɗin yadda ya kamata, muka jira duhu muka gwada. Gwajin ba ya buƙatar komai sai fili mai daidai, bango, abin awo da gawayi. Ka auna tsawon tsakiyar fitila daga ƙasa, ka ja layi a bango a daidai wannan tsawon, ka ja mota baya mita 10, ka kunna gajeriya. Iyakar hasken ya kamata ta sauka kamar santimita 10 ƙasa da layinka. Yawancin fitilu ma an rubuta wannan a jikinsu, za ka ga 1% ko 1.2%. Namu ya ɗan gyaru, amma babu layi tsayayye, haske na ta tsiyaya sama. Ya mayar da halojin sabo, yana riƙe da shi da tsumma domin maiƙon yatsa na rage masa kwana. Layi ya fito kamar an ja da rula.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne gano dalilin raunin tsohuwar fitilar. Wayar da ke haɗa ta da jikin mota ta yi tsatsa, wuta ba ta isa ƙwan da kyau, kuma halojin idan wuta ta ragu kaɗan haskensa raguwa yake yi da yawa. Cikin gilashin ƙura ce ta shekaru. Fitilar hagu kuma dama can gefe take kallo tun wani karo da aka yi da akuya. Ya kankare wayar, ya wanke gilashi, ya ɗaure kusoshin saiti. Abin da muka biya shi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin LED ɗin ba. Har yanzu ja ce, har yanzu Mai Kyandir ake ce mata, amma tana kai haske inda ba ta taɓa kaiwa ba.

Sauran hutun a gonar Kawu muka ƙare shi. Mu ne ban ruwa, mu ne cire ciyawa, shi yana zaune a kan kunya da hannu a ɗaure yana ba da umarni. Bai taɓa tayar da maganar ba sai rana ɗaya, da ƙaninmu ya ce, “Kawu, don Allah ka yafe mana.” Ya ce, “Na yafe tun a daren. Amma ku 'yan boko, da kuka sa ta, ba wanda ya ce bari in je gaba in tsaya in ga yadda take?”

Babu wanda ya yi. Mu uku, duk a bayan fitilar muka tsaya.

Ƙwayayen LED ɗin ba mu yar ba. Mun jona ɗaya a tsohon batir muka rataye a rumfar da Kawu ke ajiye albasa, tana kallon ƙasa, ɗayan kuma yana ɗakinmu. Ta rumfar 'yar fankar da ke sanyaya bayanta ta fara ƙara saboda ƙura, Kawu ya aiko a gaya mana idan mun dawo hutu mu zo mu duba ta.