Tsohon inji da man zamani

Tun bayan farin 1984 noman rani ya kafu a ƙasar Adar. A shekarar nan ce aka fara babban aikin gyaran ƙasa na Keita da taimakon ƙasar Italiya. An tare koramai, an dasa itatuwa, garake sun yawaita. Yau daga kwarin Keita zuwa Buza da Madawa, mai albasa ya dogara ga injin ban ruwa. Mai jirgin ruwa a Gaya ko a tabkin Cadi shi ma da inji yake neman abinci. Da yawa cikin injinan nan sun tsufa, man da suke sha kuwa ya canza.

A ƙasashe da dama ana garwaya man fetur, wato isansi, da wata irin barasa da ake kira etanol. Daga rake da masara ake samun ta. Ƙasar Barazil ta kama wannan hanya sosai tun 1975. A Amurka mafi yawan man da ake saidawa kashi 10 cikin 100 etanol ne. Shi ne ake rubuta wa E10. Sabuwar mota ba ta damu da shi ba. Tsohon inji shi ke wahala.

Dalili na farko, etanol na jan laima daga iska. In ruwa ya kai misalin kofin shayi guda cikin lita 20, sai man ya rabu biyu. Ruwa da barasa su kwanta ƙasa, mai ya tsaya sama. Inji kuwa daga gindin tanki yake zuƙa. Na biyu, barasa na kumbura tsohuwar roba, tiyo ya yi laushi ko ya tsage. Na uku, tana kankare tsohon datti na tanki, ta kai shi cikin kabireta, hanya ta toshe.

Tsohon injin jirgin ruwa ya fi kowa shiga haɗari. Kullum yana bisa ruwa. Kuma yawancinsu da baƙin mai ake haɗa musu fetur. Abin da ya kwanta ƙasa ba shi da baƙin mai. In inji ya zuƙe shi, ƙarfe na gugar ƙarfe ba maiƙo. Inji ya mutu tsakiyar kogi da mutane da kaya, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Wani mai garka a kwarin Keita ya sayi mai da araha cikin damina. Ya ajiye rabin bido a zaure, marfin bai rufu sosai ba. Da lokacin dashen albasa ya zo, ya juye man duka a inji. Inji ya tashi, ya yi tari, ya mutu. Ya sake buji, a banza. Kwana uku yana neman bakanike, dashe na kwanciya cikin rana. Da aka kwance kabireta, ruwa da tsatsa aka tarar. Kuɗin gyara da na sabon iri sun ninka abin da ya rage wajen sayen mai. Injin ba shi da laifi. Ajiyar ce ta ɓata man.

Nijar na da matatar mai ta SORAZ a Damagaram tun 2011. Amma man da ake saidawa a kwalba bakin hanya ba ya zuwa da takarda, ido kuma ba ya gane abin da ke ciki. A farkon 2022 an shigo Najeriya da man da metanol ta yi wa yawa, motoci da dama suka lalace. Metanol ƴar uwar etanol ce, ta kuwa fi ta ɓarna.

Akwai gwaji mai sauƙi. A samu kwalba mai haske, a zuba ruwa tsawon yatsa biyu, a yi alama inda ya tsaya. A cika da fetur, a rufe, a girgiza, a ajiye ta ɗan lokaci. In na ƙasa ya wuce alamar, akwai barasa cikin man. A yi gwajin nan a fili, nesa da wuta da taba.

Wanda ya ga haka ya sayi daidai abin da zai ƙona cikin sati biyu ko uku. Ya rufe bido gam, ya sa shi a inuwa, ya rubuta ranar saye a jikinsa. Kada ya juye na gindi a inji. In aikin rani ya ƙare, ya tsiyaye tanki da kabireta kafin ya jingine inji. Tiyon da ya yi laushi a sake shi. Kada kowa ya zuƙi mai da baki, don metanol na makantar da mutum.

Rigakafi ya fi magani. Mai garka ko mai jirgi da ya kula da man da yake zubawa, tsohon injinsa zai ƙara masa shekaru na aiki.