Ninkin Baya da Akwatin Lefe



Da yawanmu matan Musawa, a akwatin lefe muka fara samun rigar mama mai tsada. Dangin ango ne suka je Kantin Kwari ko kasuwar Funtua suka zaɓo da kintace, babu wanda ya auna mu. Mu ma in mun je saye, kunya ba ta barinmu mu tsaya zaɓe, balle in namiji ne mai shagon.

Sai ranar biki, ɗinki ya kama jiki, mu waiga a madubi mu ga tsoka ta ninke sama da ƙasan madauri. Nan take mu ce ƙiba ce. Wata ta rage tuwo, wata ta koma shan shayin rage ƙiba tana tsaka da shayarwa.

Sau da yawa kuwa madaurin ne. In ya yi sako-sako sai ya haura ya turo tsoka. In ya matse ko siriri ne, ya nutse ya raba baya biyu. Wanda ya dace yana zama daidai gaba da baya, yatsu biyu su shige ƙarƙashinsa. Mai faɗi, mai ƙugiya uku ko huɗu, ya fi kwantar da baya. Haihuwa tana sauya awo, amma muna nan riƙe da lambar amarci.

Mu marubuta ma da laifinmu: jarumar littafinmu ba ta taɓa samun ninki ko ɗaya. Yarinyar da ta karanta ta nufi madubi, me muke so ta gani?

Mu ari tef wurin tela mu auna, kafin mu zargi jikinmu.