Fasali a kan Mu'amala

  

Ka sani, ya kai ɗan'uwa mai karatu, malaman fiƙihu sun kasa hukunce-hukunce kashi biyu, ibada da mu'amala. Ibada tsakaninka da Ubangijinka take, mu'amala kuwa tsakaninka da bayinSa. Asalin kalmar daga amal ne, watau aiki, bisa ma'aunin mufa'ala, wanda ba ya tabbata sai da mutum biyu. Kana iya nafila kai kaɗai cikin dare, amma ciniki da rance da jinga da maƙwabtaka ba su yiwuwa sai da wani.

Na karanta babin ciniki na Risala a gaban mahaifina, Allah Ya jiƙansa, amma a gonarsa ta ƙasar Isa na fahimce shi. Kowace kaka, in an ɗaure dammunan gero, wani Bafillace yakan sauka nan da shanunsa. Su ci kara da harawa, su bar mana taki. Matarsa ta kawo nono, mahaifiyata ta auna mata hatsi. In saniya ta yi ɓarna kafin girbi, dattawa su ƙiyasta, ya biya, a ci tuwo tare. Babu takarda tsakaninsu sai amana.

Sa'ad da aka nome burtali, satar shanu ta yawaita, mai rauni ya kai ƙara bai sami haƙƙinsa ba, sai igiyar ta tsinke. A shekarar 2020 'yan bindiga suka yi kisan gilla a ƙauyukan Sabon Birni. A 2024 Sarkin Gobir na Gatawa ya rasu a hannunsu. Jama'a da yawa sun yi gudun hijira zuwa ƙasar Maraɗi. Wanda ya zubar da jini ba shi da uzuri, hisabinsa na jiransa.

Amma ina yi maka gargaɗi, da ni kaina, kada mu ɗora laifin ɓarawo a kan kowane mai sandar kiwo, domin wannan ma zalunci ne. Ƙasar nan ta ga faɗuwar Alƙalawa a 1808, daga baya jikokin waɗanda suka gwabza suka haɗu a kasuwa, suka yi auratayya. Saboda haka ka cika mudu, ka biya bashi, ka amsa sallamar maƙwabcinka ko ba harshenku ɗaya ba. Haƙƙin Allah tuba na kankare shi, haƙƙin bawa kuwa sai an biya ko mai shi ya yafe.

Allah Ya mayar mana da aminci.