Ƙwaryar Ɓawon Ƙwai

A wani ƙauye na jihar Maradi akwai wata tsohuwa wadda ba ta yar da ɓawon ƙwai. Da damina, sa'ad da zabi suke ƙwai, takan tara ɓawon a cikin tsohuwar ƙwarya, ta gasa shi a kasko, ta daka ya yi laushi, sa'an nan ta barbaɗa a dussar kaji. Dakan nan yana da dalili, gama kazar da ta saba tsattsagar ɓawo takan koma fasa ƙwanta. Wajen kashi 95 cikin 100 na ɓawo irin abin da ke cikin alli ne, kalsiyam ɗinsa kuwa shi kaza take bukata domin ƙwanta ya yi ƙwari.

Ragowar takan zuba a gindin tumatir, wai kada 'ya'yan su ruɓe daga ƙasa. A nan ta yi ɗan kuskure. Ɓawo yakan daɗe ƙwarai kafin ya narke a ƙasa, ruɓewar kuwa yawanci daga ban ruwa marar tsari take. Amma wannan bai cuci kowa ba.

Wata safiya kunu mai zafi ya zube wa jikanyarta a hannu. Maƙwabciya ta ce, "Inna, fasa ƙwai maza, ki manna tantanin cikin ɓawon, ki barbaɗa garinsa a kai." Haka ta yi, da ɗanyen ɓawo daga akurki. Ba ta tuna cewa ƙwai da kashin kaza ƙofa ɗaya suke fitowa ba. Bayan kwana uku hannun ya kumbura, yana mugunya, yarinya tana zazzaɓi.

A asibiti aka wanke gyambon, aka ba da magani. Malamin asibiti ya ce abin da ƙuna take so da fari shi ne a kwarara mata ruwa mai sanyi, mai tsabta, har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a kawo yaro. Sa'an nan ya tambaya ko yarinyar tana cin ƙwai.

"A'a, malam! Yaron da ya ci ƙwai ɓarawo yake zama."

Ya ce ƙwai ba ya koya wa kowa sata, naman da ya ƙone kuma yana bukatar abinci irin wannan kafin ya tsiro. Tsohuwa ta yi shiru, ba ta ce ta yarda ba. Washegari dai ta dafa ƙwan zabuwa ɗaya, ta ɓare wa yarinya a ɗaki, inda maƙwabta ba sa gani. Ɓawon ta jefa a ƙwarya.