Gani Ya Kori Ji: Malamin Lissafi a Arlit da Zaɓen Manhajar Zane

Yaron da ya tashi a Arlit ya san zurfi tun kafin ya san alli. A 1971 kamfanin Somaïr ya fara haƙar yuraniyom a buɗaɗɗen rami mai hawa-hawa, a Akokan kuwa Cominak ya yi ta ratsa ƙarƙashin ƙasa daga 1978 har aka rufe shi a 2021. Amma a aji zurfin nan ɓacewa yake yi, domin allo tsawo da faɗi kaɗai gare shi. Malami ya zana mazurari, ɗalibi ya ga layuka, bai ga jiki ba.

Wannan ne ke kai malami ga kwamfuta, ga manhajar lissafi ta kyauta irin SageMath, wadda William Stein ya ƙirƙira a Amurka a 2005. Ita takan yi lissafin, amma fito da siffar a fuskar kwamfuta aikin wata manhajar zane ce da ake haɗa ta da ita. Shekara da shekaru Jmol ke wannan aiki, alhali don masana sinadarai aka gina ta, kuma sai da Java take tashi. Da manyan manhajojin shiga intanet suka daina karɓar Java, masu SageMath suka koma ga Three.js, wadda ta zama ta farko a 2020. Tana juya siffa cikin sauƙi, sai dai tana bukatar na'ura mai ɗan ƙarfi. Akwai kuma Tachyon, wadda hoto tsayayye kawai take bayarwa, amma ba ta raina tsohuwar kwamfuta.

Masu yanke wannan shawara suna nesa, inda wuta ba ta ɗaukewa. Malamin Arlit kuwa tambayoyinsa uku ne. Shin za ta yi aiki ba intanet? Shin kwamfutar da ƙura ta ci za ta ɗauke ta? Shin darasin da ya shirya bana zai buɗe baɗi?

Don haka ya kamata ƙungiyoyin malamai su sa baki, tunda manhajar ta kowa ce, ƙofar masu gina ta kuma a buɗe take. Abin da za su nema kaɗan ne: a riƙe sabuwa, kada a yar da tsohuwa. Ɗan mahaƙi da ya juya ramin garinsu da yatsa, ya auna cikinsa, ya riga ya kama hanyar zama injiniya.