Abin da na gani a asibitin zuciya na Soba

Kudu da birnin Kartum, a Soba, dab da gaɓar Shuɗin Nilu, akwai wani asibiti mai suna Salam. Aikinsa ɗaya ne, tiyatar zuciya, kuma ba a karɓar ko sisin kwabo. Ƙungiyar Emergency ta Italiya, wadda Likita Gino Strada ya kafa a 1994, ita ta buɗe shi a 2007 da gadaje 63 da ɗakunan tiyata uku. Tun kafin yaƙin Sudan na raka ɗan yayata can daga Unguwar Kanawa ta Kaduna, bayan likitoci sun ce murfin zuciyarsa ya lalace, har hawa matakala na gagararsa.

Da isarmu na yi ta waige ina neman tagar biyan kuɗi. Wata ma'aikaciya ta ji muna Hausa, ta ce, "Ɗan uwa, mayar da kuɗinka aljihu." Ashe jikar mahajjata ce da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa suka yada zango a Sudan. Gado, abinci, magani da tiyata duk kyauta ne, har da masauki ga waɗanda suka zo daga wasu ƙasashe.

Ginin ma abin kallo ne. Kartum gari ne na zafi da guguwar ƙura, amma iskar da ke shiga asibitin sai ta bi ta wasu lunguna a ƙarƙashin ƙasa, yashi ya zube, a fesa mata ruwa, sannan ta isa ga majinyata. Zafin ranar da ke ƙona gari shi ake tarawa don sanyaya ɗakuna. Kwantenonin da aka kawo kayan gini a ciki kuwa an mayar da su gidajen ma'aikata. A 2013 ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne majinyatan. Na zaci dattawa zan tarar, sai ga yara da matasa. Yawancinsu ciwon makogwaro ne da ba a yi wa magani ba ya zama zazzaɓi mai kumbura gaɓoɓi, ya gangara ya cinye murfin zuciya. Bayan an sa wa yaronmu murfin ƙarfe, wani dare ya ce, "Kawu, matso ka ji." Na kara kunne a ƙirjinsa, sai ga ƙara tik, tik, kamar agogon hannu.

Ba a sallame mu ba sai da aka zaunar da mu aka yi mana karatu: zai sha maganin tsinka jini har tsawon rayuwarsa, a riƙa auna jinin a kai a kai, a rubuta sakamakon. In maganin ya yi yawa jini ya ɓalle, in ya yi kaɗan ya daskare a kan murfin. Wannan bibiya ita ke raya mutum bayan wuƙar likita. Ko da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, asibitin bai rufe ƙofarsa ba.

Kaduna na da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, jihar kuma na da mazaɓu 255. In gina irin Salam ya yi mana nisa, ajiye fenisilin don ciwon makogwaro a asibitin kowace mazaɓa da samar da wurin auna jini mai sauƙin kuɗi ba su fi ƙarfin gwamnati ba. Ku kuma iyaye, daga Kawo zuwa Malali, in yaro ya ce makogwaronsa na ciwo ga zazzaɓi, a kai shi asibiti a duba shi, kada a tsaya ga ruwan ɗumi da gishiri.